Daɗin Baki Ko Ingancin Kaya: Wanne Ke Sayar Da Haja?

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai sayar da buhunan ajiyar wake a wata kasuwar ƙauye ta ƙasar Gumel. Ya ce maƙwabcinsa na da lasifika, kullum sai kirari da "saya ka huta", jama'a na ta tururuwa. Shi kuwa da ya fara bayanin kaurin leda sai mai saye ya yi gaba. Yana tambaya, shin shi ma ya koma daɗin baki ne?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ka sani manomi ba don son leda ya zo rumfarka ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya buɗe buhu da bazara ya tarar ƙwari sun mai da wakensa gari, ko kuwa tsoron haka ya sa shi karyar da shi da kaka, lokacin da wake ke araha. Maƙwabcinka ya gane wannan, shi ya sa ake tsayawa gunsa. Kai ma fara da abin da ke damun mutum, wannan ba ƙarya ba ce. Amma kada ka tsaya nan, sai ka kawo hujja.

Dubi yadda aka yi da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Malaman gona sun bi ƙauyuka, an ɗura wake an ɗaure a idon jama'a. Bayan watanni aka tara mutane aka kwance, sai ga wake garau, ba a zuba magani ba, rashin iska ya kashe ƙwarin. Gani ya kori ji.

Kai ma yi haka. Ran kasuwa ka ɗaure buhu ɗaya, ka aje wa sarkin kasuwa tare da wani buhu na gama-gari, bayan wata 4 a buɗe su tare. Sannan ka faɗi gaskiya: sai waken ya bushe sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, in ɓera ya huda kuwa aiki ya ɓaci. Wanda ka gaya wa haka zai dawo baɗi, har ya jawo ɗan'uwansa. Mai zuzuta kaya fiye da kima kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ku kuma masu saye, kada hoton dami a jikin buhu ya ruɗe ku. Takin NPK 15-15-15 mai kilo 50, kilo 7 da rabi ne na kowane sinadari cikin ukun nan. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 ne na sinadarin da ke sa ganye kore, wato kilo 23 a buhu. In maganin ƙwari ne, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da yaro ɗan makaranta.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.