Kafin a Zargi Rezin, a Auna Tantanin RO



Ƙorafin da na fi ji a bakin masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje shi ne rezin ɗin tace ruwa na yanzu ba ya jimawa, jiya aka zuba, yau ya canza launi. Nan take sai a ce ɗan kasuwa ya kawo jabu. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa matsalar tana gaban rezin, wato a tantanin RO da ke fara tace ruwan kafin ya isa rezin, kuma abin da nake son mu duba ke nan.

Tantanin, wanda Loeb da Sourirajan suka samar da irinsa na farko mai amfani a Los Anjeles wajen 1960, shi ke ɗaukar babban kaya. Lafiyayye yakan tare kashi 95 zuwa 99 cikin 100 na gishirin da ke narke a ruwa. Ɗan ragowar ne rabon rezin: rezin katayon ya kama kalsiyam da sodiyam, rezin anayon ya kama kulorayid da salfet, abin da suka saki a madadin ya haɗu ya zama ruwa.

Mu yi lissafi. A ce ruwan burtsatsenku ya nuna 300 a mitar TDS, mai auna gishirin da ke narke a ruwa. Idan tantani yana tare kashi 98, 6 ne ke wucewa. Idan ya sauko zuwa kashi 96, sai 12 ya wuce. A ido kashi biyu ne kawai ya ragu, amma aikin rezin ya ninka, kwanansa ya rabu biyu. Kuɗi na zurarewa ta nan ba tare da an lura ba.

Awon ba shi da wahala. A auna ruwan shiga, a auna wanda ya fito daga tantani kafin ya taɓa rezin, a cire na biyu daga na farko, a raba da na farkon. Sai dai a bar injin ya yi 'yan mintuna yana gudu, domin ruwan farko bayan ya kwana a tsaye gishirinsa ya fi yawa. Ina roƙon a karkatar da shi gefe, kada ya bi ta rezin.

Idan sakamako ya yi ƙasa, a fara duba ƙarfin turin ruwa, domin raunin famfo yana rage tacewa. Sanyin hunturu kuma yawan ruwan yake ragewa, kimanin kashi 3 kan kowane digiri, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Mai kashe tantani shi ne kulorin. Masu ɗiban ruwan hukumar ruwa, wanda ake zuba wa kulorin, matatar gawayinku ita ce garkuwarsa, kada ta wuce lokacinta.

Wajen sayen rezin, kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a karɓo rezin mai sassauta ruwa, wanda ake farfaɗowa da gishiri. Wannan kalsiyam yake cirewa ya zuba sodiyam, mita ba za ta sauka ba. Abin nema shi ne gauraye, katayon da anayon tare, da damshinsa, a leda rufaffiya. Wanda ya sha iska ya fara aiki tun yana kanti.

Akwai kuma abin da mita ke ɓoyewa. Iskar kabon da ke cikin wasu ruwan burtsatse tana ratsa tantani kai tsaye ta cinye anayon. Idan tantani lafiya lau amma rezin na mutuwa da wuri, ita za a tuhuma, kuma bar wa ruwan ya sha iska a tanki kafin tacewa yana rage ta. Silika ma haka, ita ke fara tserewa idan anayon ya gaji, alhali mita tana nuna sifili. Don haka da zarar ruwan bayan rezin ya nuna 1, a canza. Masu aikin da ke buƙatar tsarkin megaom 18.2 kuwa, mitar aljihu ba ta isa ba, sai na'urar auna turjiyar lantarki.