Amsar Wasiƙa: Zuwa Koyarwa Saliyo

Wani malamin sakandare daga Haɗeja ya rubuto yana tambaya ko ya dace ya bar iyali ya tafi koyarwa Saliyo.

To Malam, shirin nan na TAC Najeriya ta kafa shi a 1987, tana tura malamai da likitoci ƙasashen waje na shekara 2. Saliyo ta sha yaƙi daga 1991 zuwa 2002, aka rushe makarantu, yara suka ɗauki bindiga. Sojojinmu sun je, an yi zaɓe, amma soja ba ya koyar da karatu. Kai ɗan fadama ne: in ambaliya ta janye, shuka ake yi. Shawarci uwargida, in ta amince, nemi gurbi. Allah ya ba da sa'a.