Giyar Moto: Ƙidaya Haƙora Kafin Ka Canza

 Darasinmu na yau a kan giyar moto ne.

An kafa garin Arlit a 1969 saboda ma'adinin uraniyom. Tun da aka rufe mahaƙar Kominak a watan Maris na 2021, magidanta da yawa sun koma neman abinci ta wasu hanyoyi. Wani yana kabu-kabu, wani yana dakon kaya. Ga irin waɗannan mutane, moto shi ne gona. In ya tsaya, tukunya ta tsaya.

To, ɗan'uwa, durƙusa ka dubi sarƙar motonka. Tana zagaye faranti biyu masu haƙora. Ƙaramin yana gaba, jikin inji. Babban yana baya, jikin ƙafa. Ɗauki alli ka yi wa haƙori ɗaya alama, sa'an nan ka ƙidaya. Sau da yawa ma an buga lambar a jikin farantin. Ga amfanin karatu ke nan.

A ce na gaba yana da haƙora 14, na baya 42. Raba 42 gida 14. Ka sami 3. Wato sai na gaba ya juya sau 3 kafin ƙafa ta juya sau 1.

In ka sa mai haƙora 13 a gaba, moto zai ƙara ƙarfin ja. Zai fi iya rairayi da kaya masu nauyi. Amma gudunsa zai ragu, kuma zai ƙara shan mai a doguwar tafiya. In ka sa mai 15, gudu zai ƙaru a kan kwalta, amma a cikin rairayi zai yi ta nishi, kuloci ya yi zafi. Ba a samun ƙarfi da gudu gaba ɗaya. Ka tuna, haƙori 1 a gaba kamar haƙora 3 ne a baya.

Sarƙa ma tana da lamba, kamar 420 ko 428. Karanta ta kafin ka sayi faranti, don dole lambarsu ta zo ɗaya. Kada ka ɗora tsohuwar sarƙa a kan sabon faranti, za ta cinye shi. Kada kuma ka ɗaure ta tamau. Bar mata sassauci na santimita 2 zuwa 3. Rairayi in ya haɗu da maiƙo yana cin ƙarfe kamar magagari. Saboda haka a wanke sarƙa da kananzir, a shafa mai kaɗan, a goge sauran.

Yanzu sai giyar da ke ƙin shiga. Kada ka taka ta da ƙarfin tsiya. Bi ta daki-daki, ka fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Na ɗaya, wayar kuloci. In ta saki da yawa, kuloci ba ya rabuwa sosai. Giya za ta yi ƙara, furi ya yi wuyar samu. Daidaita ta har bakin hannun kuloci ya riƙa motsi santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama.

Na biyu, man inji. A irin waɗannan motoci ƙanana mai ɗaya ne ke shayar da inji da giya da kuloci. In ya yi baƙi ko ya ragu, giya takan yi tauri. Zafi da ƙurar Arlit suna saurin kashe mai. Zuba man moto, ba na mota ba, don wani man mota yana sa kuloci sulɓi.

Na uku, sandar da kake takawa. Duba ko ta lanƙwashe bayan faɗuwa, ko ƙusarta ta kwance.

In ka duba ukun nan, amma giya tana fita da kanta, ko sanda ba ta komowa wurinta, ciwon yana ciki. Wannan aikin makanike ne. Kai masa tun da wuri.

Daga Arlit zuwa Agadas wajen kilomita 240 ne. Wanda giyarsa ta maƙale a tsakiyar wannan hanya, ƙishirwa ce abokiyar zamansa. Rigakafi ya fi magani.

Ga aikin gida. Kowa ya ƙidaya haƙoran faranti biyu na motonsa, ko na maƙwabci. Ya rubuta a littafinsa, ya raba babba da ƙarami, ya kai wa malaminsa.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.