Kurangar Inabi da Abin da Mai Gona Ke Nema



Annabi Ezekiyel, a sura ta 15, ya yi tambayar da kowane manomin ƙasar Yahudiya ya san amsarta: me ake yi da itacen kurangar inabi? Ko maratayin da za a kafa a bango ba a samu daga jikinsa. Maɗaci in an sare shi a sassaƙa turmi, kurangar inabi kuwa in ba ta yi 'ya'ya ba sai murhu. Da wannan shuka Littafi Mai Tsarki ya yawaita kwatanta jama'ar Allah, kuma ina ganin da gangan ne.

Noman inabi a tuddan Yahudiya aikin haƙuri ne. Sai an tsince duwatsu, a gina shinge da hasumiyar tsaro, a fafe wurin matse ruwan inabi a jikin dutse. Littafin Firistoci, sura ta 19, ya hana cin 'ya'yan sabon itace har shekara 3. Na shekara ta 4 na Ubangiji ne, sai a ta 5 mai gona zai ci.

Duk wannan wahala Annabi Ishaya ya zayyana a sura ta 5, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. Mai gona bai rage komai ba, amma kurangar ta ba shi 'ya'ya masu tsami. Ku lura da fassarar da annabin ya bayar da bakinsa. Bai ce an daina zuwa Haikali ba. Ai a sura ta 1 ya nuna hadayu sun yi yawa har Allah ya ƙoshi da su. Adalci aka nema, aka tarar da zub da jini da kukan waɗanda aka zalunta. Nan take kuma ya juya kan attajiran da ke haɗiye gidaje da gonakin maƙwabta har talaka ya rasa wurin tsugunawa. Masu sauraronsa ba su manta da Nabot na Yezreyel ba, wanda ya ƙi sayar wa Sarki Ahab garkar inabin da ya gada, Yezebel matar sarkin ta shirya masa shaidun zur aka jejjefe shi.

A nan nake da magana da mu masu wa'azi. Mun saba auna 'ya'ya da cikar majami'a da girman gini. Wannan ganye ne, kuma kurangar da aka bari ba gyara takan yi ganye sosai.

Shi ya sa Yahaya sura ta 15 take da nauyi. Yesu ya kira kansa kurangar gaskiya, almajiransa rassa, Ubansa manomi. Busasshen reshe a sare shi, wannan kowa ya gane. Amma reshen da ke haihuwa ma wuƙa na taɓa shi. Manoman inabi, bayan ganye ya kaɗe a lokacin sanyi, sukan datse mafi yawan rassan da suka tsiro bara, domin ƙarfin saiwa ya taru a 'yan kaɗan. Mai bi da aka rage masa abin da yake taƙama da shi kada ya yi saurin cewa an yashe shi.

Game da 'ya'yan da ake nema kuwa, Bulus ya lissafa wa Galatiyawa albarkar Ruhu guda 9, kuma yawancinsu, irin su haƙuri da kirki da tawali'u, ba a ganinsu sai a zama da mutane. Dokar da ke Littafin Firistoci ma haka ta tsara: mai garka ba zai koma ya tsince abin da ya faɗi ba, kalar ta matalauci ce da baƙo. A misalin da ke Matiyu sura ta 20, mai garka ya biya ɗan ƙodagon da ya ɗauka dab da faɗuwar rana dinari guda, daidai da na wanda ya fara tun sassafe. Dinari kuwa shi ne ladan yini, abin da leburan zai ciyar da iyalinsa a daren nan.