Kukan yaro da shirun manya: waƙar "London" ta William Blake

Yau waƙa na kawo muku, gajeriya ce, layi 16 kawai. William Blake ya buga ta a Ingila a 1794. Yana yawo a titunan Landan, duk fuskar da ya duba sai wahala.

To, ga abin da nake so ku lura da shi: Blake bai tsaya ga tausayi ba. Kowane kuka sai ya kai shi ƙofar mai alhakinsa. Kukan yaron da ake cusawa cikin bututun hayaƙin gidaje don ya share shi, kan coci ya ɗora shi, saboda ta yi shiru. Nishin soja kuwa, ya mai da shi jini a bangon fadar sarki.

Kuma akwai doka fa! Tun 1788 aka hana sa yaron da bai kai shekara 8 ba wannan aiki, amma kusan ba mai bin ta. Sai a 1875 aka samu dokar da ta yi aiki da gaske.

Don haka in kun ga yaro cikin wahala, "Allah sarki" bai isa ba. Ku tambaya: wa ke cin riba, wa ya yi shiru?