Amsoshin Tambayoyinku: Gwanayen Kofin Duniya Na Wasan Kurket

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Funtuwa, ya ce gardama ta kaure a rumfarsu: shin Indiya ce ta fi kowa cin kofin duniya na kurket? Kuma Afirka ta taɓa ɗauka?

To malam, mun gode da takardarka. Da farko dai, kurket wasa ne na mutum 11 kowane ɓangare. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da faffaɗan katako ya sheƙa da gudu, kowane gudu maki ne.

An fara gasar a Ingila a 1975. Wanda ya ce Indiya, to ya sha ƙasa, domin sau 2 ta ɗauka, a 1983 da 2011. Ostareliya ce uwa-uba, sau 6: 1987, 1999, 2003, 2007, 2015 da 2023. Amma Indiya na da abin tinƙaho, don ɗanta Sachin Tendulkar ya fi kowa tara maki a tarihin gasar, har 2,278. Wajen fitar da 'yan wasa da jifa kuwa, Glenn McGrath na Ostareliya ke gaba, ya fitar da 71.

Afirka fa? Har yau ba mu ɗauki wannan kofi ba. Sai dai Kenya ta ba da mamaki a 2003, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Afirka ta Kudu kuma ta kafa tarihi a 2023, da maki 428 a wasa guda da Siri Lanka.

Da fatan gardama ta ƙare. A gaishe mana da mutanen rumfa.