Amsoshin Wasiƙunku: Maratayin Jita Da Ciwon Kafaɗa

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani dattijo manomi a ƙasar Gummi. Ya ce ɗansa ya je ci-rani Agadas ta Jamhuriyar Nijar, ya dawo da jita mai aiki da lantarki, yana kaɗa ta a wuraren biki, har yana samun na cefane. To amma watanni biyu ke nan yaron na kukan kafaɗar hagu, wani lokaci yatsunsa su yi sanyi kamar ba nasa ba, ga damina ta kawo kai, galma tana jiransa. Dattijon ya ce maƙwabta sun fara cewa hannu aka sa wa yaron, shi kuwa yana son ya ji ta bakinmu kafin ya kashe kuɗinsa wajen neman makari.

Baba, mun gode da wasiƙa, Allah ya ƙara girma. Kafin a je ko'ina, don Allah ka ce wa yaron ya kawo maka jitar, ka duba abin da yake rataye ta da shi. Na yi imani za ka tarar da wata 'yar siririyar igiyar leda, irin ta jakar makaranta, wadda faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. In haka ne, to ga mai laifin nan a hannunka.

Ita jitar lantarki ba kamar gurmi ko kuntigi ba ce, waɗanda cikinsu rami ne, ba su da nauyi. Gangar jikinta katako ne curarre, ga ƙarafa a kai. Irin wadda kamfanin Fender na Amurka ya fito da ita a 1954, mai suna Stratocaster, wadda akasarin samarin Agadas ke kaɗa ita ko kwaikwayonta, tana kai kilo uku da rabi. Ta kamfanin Gibson mai suna Les Paul, wadda ta riga ta fitowa da shekara biyu, takan kai kilo huɗu zuwa huɗu da rabi. Wato kamar galan guda na ruwa ke nan. Za ka ce galan ɗaya ai ba kaya ba ne, yaron da ke goya tankin feshi mai lita 16. Gaskiya ne, Baba, amma dubi bambancin. Tankin feshi kafaɗa biyu ke ɗauke da shi, kuma yana tafiya yana raguwa, bayan ɗan lokaci a sauke a sake cikawa. Jita kuwa kafaɗa ɗaya ce, wuri ɗaya, tun bayan lisha har tsakar dare, ba ta raguwa da ko ƙwayar gero.

Wurin nan da igiyar ke kwantawa, tsakanin wuya da kan kafaɗa, ta ƙarƙashinsa ne jijiyoyin da ke sauka zuwa hannu suke bi. Idan siririn abu ya daɗe yana danna shi, naman wurin ya ɗaure, hannu ya mutu, yatsu su riƙa tsikari. Ai ba a banza ba uwayenmu ke goyo da zane da majanyi mai faɗi, ba da igiyar rama ba, kuma ba wanda ke ɗora wa jaki mangala a bisa tsirarar baya sai ya sa akumari. Lissafin ɗaya ne: in ka ninka faɗin maratayi, ka raba dannin da fata ke ji gida biyu.

Saboda haka faɗi shi ne farko. Maratayin da aka saba sayarwa tare da jita inci biyu ne, kamar yatsu uku. Ga wanda zai tsaya awa guda, ya isa. Amma makaɗin biki ya nemi mai inci uku, wato yatsu huɗu na babban mutum, musamman daidai inda zai hau kafaɗa.

Sai abin da aka yi shi da shi. Na leda yana da araha, amma santsi gare shi, yana zamewa a kan riga. Wasu jitocin wuyansu ya fi rinjaye, da ka sake su sai kan ya sunkuya ƙasa, sai ya zamana hannun hagu yana aiki biyu, yana danna tsirkiya yana kuma tallafe wuya. Gajiyar da wannan ke kawowa ta fi ta nauyin kansa. Fata mai ɗan kaushi a ciki tana kama riga, ta riƙe jita inda aka aje ta.

A nan ne nake jin haushin yadda yaranmu ke aikawa Kano ko Legas a sayo musu na kanti, alhali ga dukawa a Anka da Gummi da Bukkuyum waɗanda kakanninsu suka yi wa makaɗan sarakuna maratayin ganga da kotso. Ƙasar da ta fitar da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba za a koya mata rataya abin kiɗa ba. Kai dai ka gaya wa baduku abin da kake so dalla-dalla. Bayan maratayin ya zama kirgi, don shi ba ya miƙewa. Cikinsa a shimfiɗa fatar akuya mai laushi, irin jar nan ta ƙasar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Kada a yi shi da fatar akuya zalla, za ta yi ta tsawo har jitar ta sauko gwiwa. Tsakaninsu, daidai kafaɗa, a sa auduga kaɗan a ɗinke. Soson katifa yana da daɗi a makon farko, daga baya ya sha gumi ya lotse. Kuma a gwada rinin da jiƙaƙƙen tsumma kafin a biya, domin jan karan dafi in bai kama da kyau ba, gumin bazara zai sauke shi a kan farar riga.

Tsawo kuma akan yi shi tsakanin kamu biyu da kamu uku, da 'yan huji na ragewa da ƙarawa. Samari suna son su saki jita har cinya don haka suke gani a bidiyo. Wannan kwalliya ce mai tsada, domin tana tilasta wuyan hannu ya lanƙwashe. Ga yadda zai auna: ya zauna a kujera, ya ɗora jitar a cinya yadda yake jin daɗin kaɗawa, a ɗaure maratayin daidai nan. In ya miƙe tsaye kada ta sauka fiye da kaɗan.

Abu guda da akan manta shi ne hujin bakin maratayi, inda yake shiga maɓallin ƙarfen da ke jikin jitar. Nan ne yake fara cinyewa, kuma ran da ya kuɓuce a tsakiyar fili, wuyan jita ya bugi ƙasa, kuɗin ci-ranin shekara guda sun tafi. A ninka fatar wurin biyu, hujin ya zama matsattse, sannan a yanko 'yar zagayayyar roba daga tsohon tib na babur a tura ta a kan maɓallin bayan an sa maratayin. Wayar da ke zuwa lasifika ma a zagayo da ita ta bayan maratayi kafin a cusa, yadda ko wani ya taka ba za ta fizge ba.

Makaɗan gangar noma da ke saurarenmu, duk abin da muka faɗa ya shafe ku, domin ku ma kafaɗa ɗaya ke wuni da ganga a wajen gayya.

Game da yaron, Baba, ya aje jitar mako biyu, ya riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi safe da yamma. Idan ya koma kiɗa da sabon maratayi, ya riƙa sauke ta a tsakanin waƙoƙi yana juya kafaɗa. Amma in an yi wannan duka yatsun ba su daina mutuwa ba, ko ka ga hannun ya fara rasa ƙarfin riƙe ƙotar fartanya, to kada a tsaya jiran a gama shuka, a kai shi babban asibitin Gummi likita ya duba wuyansa. Muna jiran wasiƙarka mu ji yadda ya ƙara ji da jiki. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.